Ɗaurewar Jijiyar Ƙafa: Dalilinta, Maganinta da Rigakafinta

Da wuya a sami gidan da babu wanda ya taɓa farkawa cikin dare yana ihu yana riƙe da ƙafarsa. Sha-raɓarsa ta dunƙule, ta yi tauri kamar ɗanyen mangwaro, yatsun ƙafa sun lanƙwashe, ba ya iya miƙewa. Wani kuwa a gona take kama shi, yana tsakiyar huɗa sai ya yar da garma ya zauna a kan kunya. Wannan shi ne abin da muke kira ɗaurewar jijiya. Wasu sukan ce jijiya ta naɗe, wasu kuma su ce ƙafa ta riƙe.

Yawancin lokaci ciwon ba shi da haɗari, kuma maganinsa yana hannun mai shi, ba ya cin ko kwabo. Duk da haka yana jawo wa mutanenmu hasara iri biyu. Ta fari, mutum yakan kashe kuɗin taki wajen sayen allura da ƙwayoyin da ba su da amfani, wasunsu ma suna da lahani. Ta biyu ta fi muni. Akwai lokacin da ɗaurewar ƙafa take zama alamar babbar cuta, a yi ta shafa mai a gida har lokaci ya ƙure. Manufar wannan darasi ita ce mu san yadda za mu raba waɗannan biyu, mu kuma san abin yi a kan kowanne.

Abin da yake faruwa a cikin ƙafa

Ko da yake muna cewa jijiya ce ta ɗaure, ainihin abin da yake ɗaurewa tsoka ce, watau naman da yake motsa ƙashi. Aikin tsoka shi ne ta ja ta saki. In kana so ka ɗaga dunduniya, saƙo yakan taso daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka a cikin ƙashin baya, ya sauko ta waɗansu siraran jijiyoyi har ya kai ga tsokar sha-raɓa. Sai tsokar ta ja agara, agara ta ja dunduniya. In saƙon ya tsaya, tsoka ta saki.

A lokacin ɗaurewa, jijiyar da take kai saƙo ce take rikicewa. Sai ta yi ta aika umarnin "ja, ja, ja" ba tare da izinin mai ƙafar ba, tsoka kuwa ta ja iyakar ƙarfinta ta ƙi saki. Wannan yakan ɗauki 'yan daƙiƙoƙi ko mintoci kaɗan, wani lokaci har minti 10. Bayan ta saki, wurin yakan yi tsami na yini ɗaya ko fiye.

Akwai abu biyu da ya kamata mu riƙe. Tsokar da ta gaji ta fi saurin ɗaurewa. Haka kuma tsokar da take a takure, watau ta gajarta, ta fi wadda take a miƙe saurin ɗaurewa. Shi ya sa ciwon ya fi zuwa da dare. In mutum ya kwanta, tafin ƙafarsa yakan sunkuya, yatsu su dubi ƙasa, tsokar sha-raɓa ta gajarta. Ƙaramin motsi ko miƙa cikin barci ya isa ya tayar da ita.

A cikin agara kuwa akwai waɗansu 'yan ƙananan jijiyoyi masu jin nauyin ja. In aka miƙe tsoka, agara ta ɗame, su ne suke aika saƙo zuwa laka cewa a sassauta. Wannan shi ne dalilin da ya sa miƙe tsoka yake kashe ɗaurewa nan take. Duk maganin da za mu koya a nan a kan wannan yake tsaye.

Kada a haɗa wannan ciwo da sagewar ƙafa, wadda mutum yakan ji in ya daɗe zaune a kan ƙafarsa, ya ji kamar tururuwa suna yawo a ciki. Sagewa takan wuce da zarar an tashi an taka. A ɗaurewa kuwa, in ka taɓa wurin za ka ji tsokar ta yi dunƙule mai tauri.

Abubuwan da suke kawo ta

Ruwa ba ya tsami banza. Ga manyan dalilai:

1. Aikin da jiki bai saba ba. A farkon damina ne aka fi kuka da wannan ciwo. Mutum ya yi watannin rani bai riƙe fartanya ba, ruwa ya sauka, sai ya shiga shuka da noman firi daga safe har yamma. Haka 'yan makaranta da suka zo hutu, da waɗanda suka komo daga cin rani.

2. Tsayuwa ko tsugunno na dogon lokaci. Mai dashen shinkafa a fadama, da mace mai daka ko tuya, da tela, da mai tafiya mai nisa a cunkushe cikin mota, duk suna cikin wannan.

3. Gumi mai yawa cikin zafi. Za mu yi bayaninsa a gaba.

4. Zawo da amai, gama suna kwashe ruwa da gishirin jiki.

5. Juna biyu, musamman daga wata na shida zuwa haihuwa.

6. Tsufa. Da shekaru tsoka takan ragu, agara ta ƙara tauri. Aƙalla mutum 1 cikin 3 na waɗanda suka wuce shekara 60 suna fama da ɗaurewar ƙafa da dare.

7. Yawan shan giya, ko burukutu ne ko ta kwalba. Giya tana sa yawan fitsari, in an daɗe ana sha kuma tana lalata jijiyoyin ƙafa da hanta.

8. Waɗansu magungunan asibiti, kamar ƙwayoyin hawan jini masu sa fitsari, da maganin asma da ake shaƙa, da ƙwayoyin rage kitse cikin jini.

9. Waɗansu cututtuka, kamar ciwon sukari, ciwon ƙoda da ciwon hanta.

Sau da yawa kuma, musamman ga masu ɗaurewar dare, likita yakan duba mutum sarai ya iske lafiyarsa lau. Wannan ba abin tsoro ba ne. Ba jifa aka yi masa ba, bai kuma taka wani abu a hanya ba. Kada a zargi maƙwabci ko kishiya a kan abin da yake samun mutane a kowace ƙasa ta duniya.

Abin yi sa'ad da ta kama

Abu na fari, kada ka dunƙule ƙafar. Jiki yakan so ya naɗe saboda zafi, amma naɗewa ƙara ɗaure tsokar take yi. Sai ka miƙe tsokar da ta ɗaure, a hankali, ba da fizga ba.

In sha-raɓa ce: ka zauna, ka miƙe ƙafar har gwiwa ta miƙe sosai. Ka kama yatsun ƙafa ka jawo su wajen ƙwaurinka, dunduniya kuwa ka tura ta gaba. In hannunka bai kai ba, ka rataya zane ko igiya a tafin ƙafa ka ja. Ka riƙe haka har ka ji ta saki, sa'an nan ka ƙara riƙewa kaɗan don kada ta komo. Wata hanya ita ce ka tashi tsaye ka dafa bango, ka taka dunduniya a ƙasa da ƙarfi, ka karkata gaba.

In tafin ƙafa ne ko yatsu: ka kama yatsun ka lanƙwasa su sama, ka murza tsakiyar tafin da babban yatsan hannu.

In bayan cinya ne: ka zauna a ƙasa, ƙafa a miƙe, ka sunkuya gaba kamar mai son taɓa yatsunsa.

In gaban cinya ne: ka tsaya ka dafa itace ko bango, ka kama idon sawun ƙafar ka jawo dunduniya baya wajen ɗuwawu.

In kai ne mai taimakon wani, ka kwantar da shi rigingine. Ka riƙe dunduniyarsa da hannu ɗaya, ka tura tafin ƙafarsa wajen ƙwauri da ɗaya hannun, gwiwarsa a miƙe. Kada ka yi da ƙarfin tsiya, musamman ga tsoho.

Bayan ta saki, a murza wurin a hankali, a gasa da tsumma da ruwan ɗumi, mutum ya ɗan taka. In an shafa man kaɗe ko man zafi babu laifi, amma a sani murzawar da ɗumin ne suke kawo sauƙi. Mai ciwon sukari ya bar wani ya gwada masa zafin ruwan da hannu tukuna, gama ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, yana iya ƙonewa bai sani ba. In tsamin ya dame shi washegari, yana iya shan farasitamol. Shan ƙwaya a lokacin da ƙafa take ɗaure ba shi da amfani, domin kafin ƙwayar ta narke ɗaurewar ta riga ta wuce.

Rigakafi

Wanda ƙafarsa take yawan ɗaurewa da dare, ya koyi wannan motsa jiki, ya riƙa yi kafin ya kwanta.

Ka tsaya kana fuskantar bango, tsakaninku kamar taki ɗaya mai tsawo. Ka dafa bangon da tafin hannu biyu. Ka sa ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya. Ta bayan ta kasance a miƙe, dunduniyarta a ƙasa, yatsu suna duban bango. Ka lanƙwasa gwiwar gaba, ka karkata har ka ji sha-raɓar baya tana ja. Ka ƙidaya daga 1 zuwa 30 a hankali, kana numfashi yadda ka saba. Ka sauya ƙafa. Ka yi sau uku a kowace ƙafa. Sa'an nan ka ɗora dunduniya a kan kujera 'yar tsugunno, gwiwa a miƙe, ka sunkuya gaba kaɗan har ka ji bayan cinya yana ja. Ka ƙidaya haka kuma. Ja za ka ji, ba zafi ba. In ka ji zafi, ka sassauta.

An gwada wannan a ƙasar Holan, aka buga sakamakon a 2012. Mutum 80 ne, dukansu sun wuce shekara 55, suna fama da ɗaurewar dare. Rabinsu suka riƙa miƙe sha-raɓa da bayan cinya kowane dare kafin barci har mako shida, rabi kuwa ba su yi ba. Waɗanda suka yi, ɗaurewar ta ragu musu, zafinta ma ya ragu. Wani gwajin da aka yi a Ingila, aka buga a 2005, bai ga wani bambanci ba. Ke nan ba kowa yake samun sauƙi daidai ba. Amma tun da abin ba ya cin kuɗi, ba ya kuma cutarwa, shi ya kamata a fara da shi. A ba shi mako shida kafin a ce bai yi ba.

Ga sauran hanyoyi:

Ka gyara kwanciya. In rigingine kake kwanciya, ka tokare tafin ƙafa da matashi ko bango don kada ya sunkuya. In rubda ciki kake yi, ka bar ƙafa ta sauka a bakin gado. Da hunturu, kada a cusa bakin bargo ƙarƙashin katifa har ya danne yatsu.

Ka shiga aiki sannu sannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin ruwa ya sauka, sharar gona da kai taki suna shirya jiki. Wanda ya daɗe bai yi aikin rana ba, jikinsa yana bukatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da zafi. A kwanakin fari ya yi rabin yini, ya riƙa ƙarawa. Shugabannin gayya su lura da wannan, kada a sa sabon zuwa gasa da waɗanda suka saba.

Ka riƙa sauya tsayuwa. Mai aikin tsugunno ya miƙe bayan kowane ɗan lokaci ya taka. Matafiyi ya sauko ya miƙe ƙafa duk inda mota ta tsaya.

Ka ci abinci mai kyau. Tsoka da jijiya suna bukatar gishirin jiki iri iri. Ana samun kalsiyam a nono, kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu. Ana samun fotasiyam a wake, dankali, ayaba da ganyaye. Ana samun magnesiyam a gyaɗa, wake, gero da riɗi. Babu wani abinci guda da aka tabbatar yana warkar da ɗaurewa, amma wanda yake cin tuwo da miya mai ganye da wake ya fi wanda yake yini a kan garin rogo ƙarfin aiki.

Gumi, ruwa da gishiri

A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40 a wurare kamar Sakkwato da Maiduguri. Mai aikin ƙarfi cikin irin wannan rana yana iya zubar da gumi lita ɗaya cikin awa guda, ko fiye. Gumi kuwa ba ruwa kaɗai ba ne, da gishiri a ciki. Shi ne farin da kake gani a rigar manomi bayan ta bushe.

An daɗe da sanin wannan. A shekarun 1920 likitoci a Ingila suka bincika ɗaurewar tsoka da take kama masu haƙar kwal a ramuka masu zafi. A shekarun 1930 kuma aka ga irinta a wurin leburorin da suka gina madatsar ruwa ta Hoover a Amurka. A duka biyun an lura cewa mutanen suna zubar da gishiri mai yawa cikin gumi, suna mayar da ruwa zalla, kuma ciwon ya ragu sa'ad da aka mayar musu da gishirin. A yau masana suna ganin gajiyar tsoka da hasarar gishiri sukan haɗu, wani lokaci wannan ya fi yawa, wani lokaci wancan.

Saboda haka mai aiki cikin zafi ya tafi gona da gora cike. Ya riƙa shan kamar kofi ɗaya bayan kowane minti 20, kada ya jira har ƙishirwa ta galabaita shi sa'an nan ya ɗirka da yawa gaba ɗaya. Ya ci abincin rana, gama gishirin miya ya isa ya mayar da abin da ya fita. Fura da nono da kunu suna da kyau ƙwarai. Ya duba fitsarinsa. In kaɗan ne kuma ja, ruwan jikinsa bai isa ba. Aikin da ya fi nauyi a yi shi da sanyin safiya ko da la'asar.

Wannan ba izini ba ne a cika gishiri a miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau kamar ƙaramin cokali ɗaya, domin yawansa yana kawo hawan jini. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda, kada ya ƙara gishiri sai ya tambayi ma'aikacin lafiya.

In ɗaurewa ta kama mutum cikin rana, a kai shi inuwa, a miƙe tsokar, a ba shi ruwan gishiri da sukari, ya huta. In ɗaurewar ba ta daina dawowa ba bayan awa ɗaya, a kai shi asibiti. In kuwa ya soma jiri, ko amai, ko sambatu, ko ya faɗi, to zafi ya buge shi. A jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a kai shi asibiti nan da nan. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hankalinsa.

Ɗaurewar ƙafa tare da zawo

Wannan ita ce ɗaurewar da take kisa, ko da yake ba ƙafar ce take kisan ba. In mutum yana zawo kamar ruwan shinkafa, yana amai, sa'an nan ƙafafunsa suka soma ɗaurewa, ruwan jikinsa ya kusa ƙarewa ke nan. Alama ce sananniya ta kwalara, cutar da take iya kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin 'yan awoyi. A shekarar 2021 an ƙidaya mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,500 suka mutu, kuma jihohin arewa kamar Bauci, Kano da Jigawa ne suka fi shan wahala.

A irin wannan hali, murza ƙafa ɓata lokaci ne. A soma ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a kama hanyar asibiti ana ba shi. In akwai ƙunshin hodar ORS, ita ta fi. A zuba ta cikin yawan ruwan da aka rubuta a jikin ƙunshin, yawanci lita ɗaya. In babu, ga yadda ake haɗawa a gida:

Ruwa mai tsabta, wanda aka tafasa ya huce, lita 1. Ledar ruwan sha biyu masu 50cl su ne lita 1.
Sukari, ƙaramin cokalin shayi 6, a shafe bakin cokalin.
Gishiri, rabin ƙaramin cokali.

A motsa har su narke. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Kada a sa kanwa maimakon gishiri. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan ba fasawa. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana har awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

Kada a raina wannan ruwa. A 1971, kwalara ta faɗa wa 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash a sansani cikin ƙasar Indiya, ruwan ƙari na asibiti ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa 'yan'uwan marasa lafiya su riƙa ba su ruwan gishiri da sukari da baki. Mutuwa ta sauko daga kamar 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4 cikin 100.

Abubuwan da za a guje wa

Kwinin. Wannan tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro ne, an kuma daɗe ana ba da shi domin ɗaurewar ƙafa. Yana rage ta kaɗan, amma haɗarinsa ya fi amfaninsa. Yana iya lalata ƙwayoyin jini masu tsai da zubar jini, ya rikita bugun zuciya, ya sa ƙara a kunne. A 2010 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa kada a sha shi domin wannan ciwo. Kada kowa ya saya da kansa.

Allurar masu yawo da magani. Babu allurar da take hana ɗaurewar ƙafa irin ta kullum. Allurar da aka yi a ɗuwawu ba daidai ba tana iya samun babbar jijiyar ƙafa, yaro ko babba ya gurgunce.

Tiramadol da sauran ƙwayoyin "ƙarin ƙarfi" da samari suke sha don noma. Suna ɓoye gajiya, mutum ya wuce iyakar jikinsa. Suna kama mutum har ya kasa bari, suna kuma iya kawo farfaɗiya.

Tsaga da ƙaho. Babu mugun jini a cikin tsokar da ta ɗaure. Aska ɗaya da ta bi mutane da yawa tana iya ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau, miki kuwa ƙofa ce ga tetanus.

Ƙwayoyin magnesiyam masu tsada. Da masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansu a 2020, sun ga da wuya su amfani tsofaffi masu ɗaurewar dare. A bar kuɗin a sayi wake da gyaɗa.

Wanda kuwa yake zaton maganin hawan jininsa ko na asma ne yake kawo masa ɗaurewa, kada ya daina sha da kansa. Ya koma wurin wanda ya rubuta masa, a duba ko za a sauya.

Alamun da za su kai mu asibiti

A tafi yau, kada a kwana:

1. Ɗaurewa tare da zawo ko amai mai yawa.

2. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ciwon ba ya saki. Wataƙila jini ne ya daskare a cikin jijiya. Ya fi samun mai jego, da mai ciki, da wanda aka yi wa aiki, da wanda ya daɗe kwance ko ya yi doguwar tafiya. Kada a murza wannan ƙafa ko kaɗan, gama gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu. In numfashi ya soma wuya ko ƙirji yana ciwo, a gaggauta.

3. Muƙamuƙi ya riƙe, wuya da baya sun sandare, musamman in mutum ya ji rauni ko ya taka ƙusa ko ƙaya cikin mako uku da suka wuce. Wannan tetanus ne.

4. Mai ciki wadda fuskarta da hannuwanta suka kumbura, ko tana ciwon kai mai tsanani, ko tana gani dishi-dishi.

5. Ƙafa ta yi sanyi farat ɗaya, launinta ya sauya, ko ta mutu ba ta motsi.

6. Yaro ko babba mai sikila da yake kukan ciwon ƙashi. Wannan ba ɗaurewar tsoka ba ce.

A tafi cikin makon nan:

1. Sha-raɓa tana ciwo duk sa'ad da aka yi 'yar tafiya, in an tsaya ta lafa, in an ci gaba ta komo. Alama ce hanyar jini ta ƙuntata. Ta fi samun masu shan taba da masu ciwon sukari.

2. Tafin ƙafa yana zafi kamar barkono ko ya mutu, ko miki ya ƙi warkewa, ko ga yawan ƙishirwa da fitsari. A auna sukari.

3. Tsoka tana ramewa, ƙafa tana rasa ƙarfi.

4. Ɗaurewa tana hana barci kusan kowane dare, ko da an yi mako shida ana miƙe ƙafa.

Mai ciki wadda ɗaurewar dare kaɗai take damunta, ba tare da waɗannan alamu ba, ta kwantar da hankalinta. Abin ba ya taɓa jariri, yakan kuma wuce bayan haihuwa. Ta riƙa miƙe ƙafa kafin barci, ta sha ruwa, ta faɗa wa ungozoma ranar awo. Maigida kuma ya rage mata ɗaukar ruwa da itace a watannin ƙarshe.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa ɗaurewar ƙafa ta fi zuwa da dare da kuma farkon damina?
2. Me mutanen ƙauyenmu suka saba yi in ƙafa ta ɗaure? Wanne ne mai amfani, wanne ne mai lahani?
3. Wace irin ƙafa ce ba a murzawa, don me?
4. In kwalara ta shigo da dare, a gidan wa za a sami sukari, gishiri da ruwa mai tsabta? Wa zai ɗauki mara lafiya zuwa asibiti?

Aikin yi

Kafin a tashi daga taro, mutane su kasu biyu biyu. Ɗaya ya kwanta kamar ƙafarsa ta ɗaure, ɗaya ya miƙe masa ita, sa'an nan su sauya. Kowa ya gwada tsayuwar bango. A kawo ruwa lita 1 da sukari da gishiri da cokali, a haɗa a gaban kowa, kowa ya ɗanɗana domin harshensa ya san yadda ya kamata ya zama. In an koma gida, kowa ya koya wa tsoho ɗaya da mai ciki ɗaya abin da ya koya. A taro na gaba a kawo labarin yadda suka ji.